Ruwa Ya Yi Gyara

A shekarar da ambaliya ta shiga Makka, sittin da tara a lissafin Turawa, ana gab da aikin Hajji, mu mutanen lungun Hausawa na Kudai mun wayi gari da hadari kamar muna gida. Tsofaffinmu har fitowa suka yi suna kallon sama suna murmushi. Kafin azahar murmushin ya ƙare. Makka kwari ce, duwatsu sun kewaye ta, duk ruwan da ya sauka a kansu kuma kudu yake nufa, mu ne a kudu. Ya zo mana da ƙyauren gidajen mutane da awaki da tukwane, har da wata mota da ba mu taɓa sanin mai ita ba.

Yawancinmu da ke saman lungu mun tsira da jiƙewar kaya da zubewar yaɓe. Inna Shatu ce ta kwashi kashinta a hannu, domin gidanta ne na ƙarshe, a bakin korama. Tsohuwa ce mutuniyar ƙasar Damagaram, ba miji ba ɗa, tana soya gyaɗa tana sayarwa a bakin tasha, ni kuma ina gefenta da farantin dabino. Ruwa ya tafi da ɗakinta na baya da katangar tsakar gida, ya bar mata ɗaki ɗaya wanda bangonsa ya tsage ya karkato, ta tokare shi da taɓarya. Amma ta gaba ba za ka ga komai ba. Zaure na nan tsaye, ƙofa na nan, gidan ya zama kamar mutumin da ya sha babbar riga ba wando. A ƙarƙashin wannan bangon take kwana, ni kuma duk safiya sai na leƙa na ga tana motsi kafin hankalina ya kwanta.

Da ruwa ya janye, aka kafa wani kwamiti na duba gidaje, suka ɗebi ma'aikata na wucin gadi a kan kwantiragi. Aikin ba shi da wuyar ganewa. Kowane mai dubawa yana tafe da bokitin fenti biyu. Gidan da ruwa ya rusa a shafa masa ja, za a kawo siminti da katako da magina. Gidan da bai lalace ba, ko wanda mai shi ya riga ya gyara, a shafa masa fari, sai Allah ya ƙara kiyayewa. Wannan bayani daga baya muka same shi. A lokacin ba wanda ya yi mana, mu ma ba mu tambaya ba, don a lungunmu ba kowa ne takardunsa suka cika ba, kuma wanda takardunsa ba su cika ba ba ya yi wa hukuma tambaya.

Wanda aka turo mana shi ne Abdulganiyyu, ɗan marigayiya Maryama. Haifaffen Makka ne, kakansa ne ya zo, shi Abdulganiyyu yana zaune can unguwar Zahir. Sana'arsa kafa tantuna a Mina lokacin Hajji, sauran watannin shekara kuma sai abin da Allah ya hore. Da aka tambayi masu neman aikin ko akwai mai jin yaren Takarna, wato mu, shi ne ya ɗaga hannu, aka kuma gaya masa wanda ya yi ƙoƙari ana iya riƙe shi ya zama ma'aikaci na dindindin. Bai yi ƙarya ba, yana jin Hausa. Sai dai Hausar da ya tsinta a bakin murhun uwarsa ce: ya san tuwo, ya san zagi, ya san barka da sallah. Damina kuwa bai taɓa yi ba. Ruwan sama a wurinsa abu ne da ke zuwa jefi-jefi, yara su fita suna ihu da Larabci, kafin a nemo roba ya ɗauke.

Inna Shatu aminiyar uwarsa ce. Ita ta goye shi lokacin da Maryama ke fita talla, ita ta yi zaman makokinta. Da ta ji cewa ɗan Maryama ya zama ma'aikacin hukuma, kuma zai zo gidanta da aiki, sai ta tashi tsaye.

"Rakiya," ta ce da ni, "yaron nan ba zai zo ya same ni a juji ba."

Na ce, "Inna, ai jujin zai zo gani."

Ta yi kamar ba da ita nake ba. Ambaliyar ta bar mana abin da Makka ba ta taɓa ba mu ba, laka mai danƙo irin ta gida, tsibi-tsibi a bakin korama. Matan lungu suka tattare zanensu suka yaɓe mata fuskar gida da cikin zaure, sumul, har da zanen yatsa a saman ƙofa. Aka samo sabuwar tabarma aka rataye a ƙofar da ke tsakanin zaure da cikin gida.

Da hantsi suka iso. Shugabansa wani injiniya ne mutumin Sham, kowa Muhandis yake ce masa. Ba mugu ba ne, sai dai yana da takalmi mai kyau, lungunmu kuma caɓi ne, don haka ya tsaya a mota can sama. Abdulganiyyu ya gangaro shi kaɗai da bokitansa, farar jallabiya a ɗage zuwa gwiwa. Inna Shatu ta tarbe shi baki har kunne, ta zaunar da shi a zaure, ta ajiye masa gyaɗa mai zafi. Matan da suka yi yaɓe suna ciki ba lulluɓi, shi kuma yanzu ba goyo ba ne, namiji ne da gemu, ko kallon tabarmar bai yi ba.

Tambayar da aka ba shi da Larabci ita ce: me ambaliya ta yi wa gidan nan? Ya juya ta a kansa, ya laluba cikin 'yar Hausarsa, ya rasa kalmar ambaliya, ya rasa kalmar ɓarna. Abin da ya samu shi ya fitar.

"Ya Inna, yaya ruwa?"

Duk wanda ya taɓa damina a ƙasar Hausa ya san wannan ba tambaya ba ce, gaisuwa ce, kuma amsarta ɗaya ce tun kaka da kakanni, ko rufin ɗaki na zubar maka a ka. Inna Shatu ta ji daɗi har cikin ranta, ashe Maryama ta koya wa yaron gaisuwa.

"Ruwa ya yi gyara," in ji ta.

"Gyara? Ya'ani, halas, an gyara?"

"Alhamdu lillahi, ɗan nan, ruwa ya yi gyara."

Ya dubi bango, ga ɗanyen yaɓe har yana ƙamshi. Ido ya gani, kunne ya ji, me ya rage? Ya ce Masha Allah, ya fita ya tsoma buroshi a farin fenti ya yi mata babbar alama a gefen ƙofa. Inna Shatu ta tsaya tana sa masa albarka. Da ya wuce ta ce da ni, "Kin gani? Fari ya ba ni. Ja ai na 'yan bashi ne da masu laifi."

Haka ya bi lungu gida-gida, yana yaya ruwa, ana ruwa ya yi gyara, yana shafa fari. Kafin la'asar ya gama da mu. Muhandis ya yi mamaki, don a sauran unguwanni ma'aikata kan yi yini a gida uku, masu gida na kuka suna jan hannunsu zuwa ga kowace tsaga, har da wadda ta girmi ambaliyar. Ya tambayi Abdulganiyyu kalmar nan da yake ta jiyowa daga tagar mota, gyara, gyara, mene ne ita? Abdulganiyyu ya fassara masa. Muhandis ya yi ta maimaitawa don ta zauna masa, ya kuma gaya wa na sama da shi cewa bai taɓa ganin mutane masu dogaro da kai irin Takarnan Kudai ba, kuma wannan yaro ya cancanci a riƙe shi.

Ba a daɗe ba manyan motoci suka fara zuwa da siminti. Suka wuce bakin lungunmu suka shiga na maƙwabta, inda kowace ƙofa ke da jan fenti. Muna tsaye muna kallo ana sauke katako. A nan muka gane ma'anar fari. Kada ka ɗauka wani ya tashi ya nufi Zahir neman ba'asi. Wada mai tsire ya ce rabo ne bai tsaga ba. Malam Tijjani limaminmu ya ce ɗan Maryama ne, ba a kunyata shi a farkon aikinsa. Ni kaɗai na yi ta masifa, aka ce dama Rakiya ba ta da haƙuri. Ina son mutanenmu, amma ranar da a ce duk wuya ɗaya gare su da na shaƙe.

Ba wanda ya gaya wa Abdulganiyyu, shi ya jiyo da kunnensa. Wata rana aiki ya biyo da shi ta unguwar Misfala, aka ɗan yi yayyafi, ya raɓe a wata rumfa. A gabansa wani tsoho Bahaushe na tsaye cikin kangon da ya kasance gidansa, laka har ƙwauri, yana haƙo tukunya. Wani tsohon ya zo wucewa ya ɗaga masa hannu.

"Malam, yaya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara," in ji mai kangon, bai ko ɗago ba.

Abdulganiyyu ya ce mini a wurin sai da ya zauna a kan bokitin fenti. Daga nan bai zame ko'ina ba sai bakin tasha, ya same ni ni kaɗai, Inna Shatu ta je salla.

"Ya Yaya Rakiya, gidan Inna, billahi, kef? Yaya yake?"

Ban rage masa komai ba. Na gaya masa ɗakin baya ya tafi, katanga ta tafi, bangon da take kwana a gindinsa taɓarya ce ke riƙe da shi. Na ce in aka ƙara ruwa mai ƙarfi, ko babbar mota ta wuce kusa, ba siminti za a kai gidan ba, makara za a kai. Ya ce zai zagaya ta baya ya gani. Na ce bayan gidan korama ce, laka har ƙugu da mushen dabbobi, ko kare ba ya bi.

Ya je wurin Muhandis. Ya kamata ya ce masa, ranka ya daɗe, yaren da aka ɗauke ni dominsa ashe ban iya gaisuwarsa ba. Bakinsa ya ƙi. Abin da ya iya faɗa shi ne akwai gida ɗaya a Kudai da yake so a sake dubawa, na wata tsohuwa. Muhandis ya dube shi ta saman tabarau.

"Kowane ma'aikacina, da siminti ya fara fita, sai ya tuna yana da goggo," in ji shi. Amma saboda yana ganin ƙimar yaron ya yarda zai zo da kansa, sau ɗaya. Fari ba ya komawa ja sai mai gida ta faɗa da bakinta cewa ruwa ya ɓata mata gida, ko shi Muhandis ya gani da idonsa.

Da yamma Abdulganiyyu ya zo koya wa Inna Shatu magana, ya ce in zauna in taya shi. A hanya na ba shi kalmar da yake nema. Ya durƙusa a gabanta a zaure.

"Inna, gobe babba zai zo. In ya tambaye ki, ki ce ruwa ya yi ɓarna. Bas, shi ke nan. Kalma wahda, ɗaya tak."

"Ruwa ya yi me?"

"Ɓarna, Inna."

Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta. "Wa ya ce maka akwai abin da ya sami gidana?" Ni ta kalla da ta faɗi haka, na kuwa tsare ta da ido.

"Inna, bangon zai faɗo miki."

"Bango tsufa ya yi. Ni ma na tsufa, wa na kai ƙara?"

"To ki ce haka, ki ce ruwa ya kayar da shi."

Sai ta fara magana a hankali, ba shi take kallo ba, ƙasa take kallo.

"Kai ɗan Makka ne, Ganiyyu, ruwa a tulu ka san shi, mai kawowa ya kawo a biya shi. Ni a garinmu an yi shekarar da sama ta kafe. Muka yi shuka ta ƙone, muka sake ta ƙone. Muka fita roƙo, maza da mata, har da dabbobi. Ina da 'ya'ya a lokacin, Mukhtaru da Hadijatu. Mun ci dusa, mun ci ganye, mun tone gidan tururuwa. Hadijatu ta riga tafiya, a bayana ta cika ban sani ba sai da na kwance goyo. Mukhtaru ya bi ta kafin wata ya mutu. Abin da ya taso mu ke nan ni da ubansu, muka yi gabas da ƙafa, shi ma na baro shi a gonar auduga a Sudan. A bakin kabarin yaran nan na ce, ya Allah, in ka ƙara nuna mini ruwa, ko a kaina ya sauka ba zan ce ya yi yawa ba." Ta ɗago. "Yau in tsaya a garin Allah, gab da ɗakinsa, in kai ƙarar ruwa wurin Balarabe saboda siminti?"

Shekaru ina zaune kusa da matar nan ban taɓa jin sunan 'ya'yanta ba sai ranar. Raina ya ɓaci, tausayinta ya kama ni, haushinta kuma bai sake ni ba, domin bangon bai san da wani alkawari ba.

Abdulganiyyu ya share ido da hannun riga. Ya yi ta roƙo, Hausa na ƙare masa yana cikawa da Larabci, ya haɗa ta da Allah, ya haɗa ta da darajar uwarsa. Daga ƙarshe ta ce, "To. Allah ya kai mu goben." Ya tashi da murna, a zatonsa ta yarda. Ba ni da ƙarfin da zan gaya masa cewa "to" ɗin nan ma akwai abin da bai sani ba a cikinta.

Kafin ya tafi ya bi maza ɗaya-ɗaya yana roƙo: don Allah kada a share, kada a yaɓe, kada a taɓa komai, a bar wurin yadda yake. Kowa ya ce to.

Gari na wayewa lungu ya kama aiki. In an yi wa ɗan Maryama yaɓe, me za a yi wa shugabansa? Wada ya samo farar ƙasa aka shafe fuskar gidan Inna Shatu, ana kewaye alamar fentin don kada a ɓata aikin hukuma. Aka jera duwatsu a caɓi saboda takalmin baƙo. Malam Tijjani ya ba da aron darduma, wata ta kawo kofunan shayi masu bakin zinariya, aka kunna turaren wuta. Na tsaya a tsakiyar lungu ina cewa jama'a kashe ta za ku yi, aka ce in ba zan kama aiki ba in matsa. Ko bikin aure ban ga gidan ya yi kyau haka ba.

Da Abdulganiyyu ya shawo kwana da Muhandis ya hango farin gida yana ƙyalli a rana, sai da ya yi tuntuɓe. Muhandis ya taka duwatsun nan ɗai-ɗai, takalminsa tas, ya shiga zaure ya zauna a darduma, dattawan lungu suka kewaye shi. Ya kurɓi shayi ya yaba. Ya dubi bango, ya dubi rufi, ya dubi Abdulganiyyu, kallon da ke cewa wannan ne kangon? Sannan ya ce a tambayi Hajiya abin da ambaliya ta yi mata.

Wannan karon Abdulganiyyu ya shirya tambayarsa, ba gaisuwa a cikinta.

"Inna, yana tambaya, wace ɓarna ruwa ya yi miki a gidan nan?"

Inna Shatu ta gyara lulluɓinta na sallah, ta dubi baƙon da fara'a.

"Ka gaya masa mun gode. Ruwa ya yi gyara."

Ran farko Abdulganiyyu ya fassara maganarta daidai, ta fito ƙarya. Yau ya yi niyyar ya fassara ta a karkace don ta fito gaskiya. Ya juya ga Muhandis ya ce da Larabci, "Ta ce ruwa ya rusa mata ɗaki da katanga, saura kuma na shirin faɗuwa."

Muhandis ya ɗaga yatsa yana dariya, irin dariyar ɗalibin da aka yi tambaya a kan darasin da ya haddace.

"La, la, ya Abdulganiy. Giyara! Na ji da kunnena. Giyara!" Ya juya ga dattawa yana maimaitawa, su kuma don karamci suka yi ta gyaɗa kai suna cewa Masha Allah, Balarabe ya ji Hausa. Kalma ɗaya tak ya sani a yarenmu, ita ce kuma aka faɗa. Ya daina dariya, ya ce da Abdulganiyyu a hankali ba zai kai maganar gaba ba saboda ƙuruciya, amma kada ya ƙara. Ya fara laluben takalminsa.

Ina tsaye a bakin ƙofar waje, ina ganin fuskar yaron. Ya dubi Muhandis, ya dubi tsohuwar, ya dubi tabarmar da ke rataye. Ya san abin da tabarmar take, ko Hausarsa ba ta kai ba wannan ya sha shi a nono. Duk addu'ar da Inna Shatu ke yi wa mutum ba ta wuce Allah ya rufa asiri, ita ma abin da take roƙa wa kanta ke nan, ba dukiya ba, ba tsawon rai ba. Ya miƙe.

"Inna, ki yafe mini."

Ya kama tabarmar ya fizge ta har da ƙusoshin.

Hasken rana ya faɗo cikin zauren. Bayan ƙofar ba gida, fili ne ya tafi har korama. Tukwanenta na kife cikin busasshiyar laka. Ga ɗakin da ya rage, bangonsa a karkace, taɓarya ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa, ta tsagar kana hango shimfiɗarta da ƙullin tsummokaranta. A igiyar da ta ɗaura daga taɓaryar zuwa wani dutse kuma ga farin yadi a shanye. Duk tsohon da ke wurin ya gane shi, don kowannensu yana da irinsa a ƙasan akwati. Likkafaninta ne, wanda ta tsoma a zamzam ta ajiye tun shekarar da ta iso. Ambaliya ta shiga akwatin. Ta wanke shi ta sake wankewa, jan lakar bai fita ba.

Dattawa suka sunkuyar da kai. Malam Tijjani ya fara salati a ƙasan maƙoshi. Muhandis ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa, ya daɗe yana kallon bangon, da idonsa ya kai kan yadin sai ya kawar da fuska. Ya ce a fitar da ita daga ɗakin nan yau, ba gobe ba. Ya ce da Abdulganiyyu, "Ja." Ya fita bai bi ta kan duwatsun ba.

Inna Shatu ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta tashi ta ratsa ta gaban mazan nan duka, ta shiga filin da ya kasance tsakar gidanta, ta sauke yadin daga igiya, ta ninke shi a tsanake ta rungume. Maza suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi wa wani sallama.

Abdulganiyyu ya fito da bokiti. Yana shafawa, jan fentin ya yi ta zuba a kan sabuwar farar ƙasa. Yana gamawa ta fito bakin ƙofa, yadin na ƙirjinta. Ta dubi alamar, ta dube shi. Sai ta buɗe baki da ɗan guntun Larabcinta na bakin tasha, wanda take sallamar masu sayen gyaɗa da shi.

"Shukran, ya ustaz. Ma'assalama."

"Inna," ya ce, "ni ne fa. Ganiyyu ne."

Ta tura ƙyaure.

A ɗakina ta zauna har magina suka gama. Sun yi mata ɗaki biyu na bulo da katanga mai tsayi, ba gidan da ya kai shi ƙarfi a lungunmu. Abdulganiyyu bai fasa zuwa ba, duk sallah sai ya zo da leda a hannu. Takan sa a shimfiɗa masa darduma a zaure, a kai masa shayi a kofin baƙi, ta fito ta tambaye shi lafiyar iyali da Larabci, ta koma ciki. A gidan ta zauna lafiya har ta rasu, bai ƙara jin Hausa a bakinta ba.